Daga Tashar Achida zuwa Tashar Ataba

Babu layin dogo a ƙasar Wurno, babu a Rabah, babu a Goronyo. Birnin Sakkwato ma kansa bai taɓa jin kukan jirgin ƙasa ba. Dogon Turawa ya iso Kano a 1911, reshen da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya a Ƙaura Namoda a 1929, daga nan bai ƙara ko taku ɗaya ba. Sabon layin Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021 ta Daura da Katsina da Jibiya zai bi, ba zai leƙo Sakkwato ba. Don haka mutumin gabashin jihar yana iya girma, ya yi aure, har ya aurar da 'ya'ya, bai taɓa sa ƙafa a tarago ba.

Amma wannan yankin ne kuma yake tura ɗalibai Azhar, yake tura majinyata Masar da Indiya, yake tura alhazai kowace shekara, yake tura samari cin rani Legas da zarar an kawar da amfanin gona. A wasu daga wuraren nan jirgin ƙasa ne abin hawan talaka. Mutum ya sauka daga jirgin sama, kafin ya warware gajiya an nuna masa wata matakala a gefen titi da ta gangara cikin ƙasa, an ce ya bi ta, abin hawansa yana can ciki.

In ya rikice sai a ce ƙauyanci ne. Har 'yan'uwansa da suka riga shi zuwa da 'yan watanni sukan mayar da shi abin ba da labari a ɗaki. Wannan hukunci babu adalci a cikinsa, kuma yana rufe ainihin matsalar. An tura mutum inda duk dabarun gane hanya da ya tashi da su ba sa aiki, kuma ba wanda ya zauna da shi ko na rabin sa'a ya koya masa sababbi. Ana nuna masa yadda zai ɗaura harami, ana gaya masa nauyin da jakarsa ba za ta wuce ba, ana ja masa kunne kan ɓoye goro a kaya. Yadda zai kai kansa daga masauki zuwa asibiti ko makaranta ya dawo lafiya kuwa, an bar wa sa'a.

Tafiya ba baƙuwar mutanen nan ba ce. Wurno ribaɗi ne da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna a ciki, a nan kabarinsa yake tun 1837. Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ne ya ja sauran jama'a suka yi gabas da ƙafa har bakin Shuɗin Nilu a Sudan, inda garin da suka kafa yake amsa sunan Mai Wurno har yau. Kafin zuwan jirgin sama, maniyyata daga wannan ƙasa kan shafe shekaru a hanya, su yi noma nan, su yi ƙwadago can, su ƙara gaba, ta Barno, ta Wadai, ta Darfur, har bakin Bahar Maliya. Jikokin waɗanda suka keta wannan tazara ba tare da taswira ba, ba za a ce tashar jirgi ta fi ƙarfin kansu ba. Irin ilmin da hanyar ke nema ne ya canza.

A gida, hanya a ido take da baki. Mutum ya san gabas don yana fuskantarta sau biyar a yini, ya san inda gulbin Rima yake ko ba ya hango shi, ya san tsamiyar da ake karya kwana a gindinta. In ya shiga tashar mota ba ya neman allon rubutu. Ɗan kamasho ne ke kiran sunan gari har muryarsa ta dishe, wani ya karɓi kayansa, wani ya nuna masa wurin zama. Mota ba ta tashi sai ta cika, in kuwa tsohuwa ta ce a jira ta ɗauko ƙullinta, za a jira ana gunaguni. In ya yi shakka a hanya sai ya tsayar da wanda ya fara gani: "Sannu baba, wagga hanya ita ka zuwa Achida?" A amsa masa, a ƙara da tambayar mutanen gida. In ya iso inda za shi ya bubbuga jikin mota ya ce akwai sauka, direba ya taka birki ko da a tsakiyar daji ne.

A ƙarƙashin ƙasa babu rana, babu gulbi, babu tsamiya. Tashoshi duk kamanninsu ɗaya. Babu ɗan kamasho, direba kuma yana can gaba a rufe cikin ɗakinsa. A Dubai, inda jirgin ya fara aiki a 2009, babu ma direban sam. Jirgi ba ya jira ya cika, ba ya jiran kowa, ba ya tsayawa inda ba tasha ba. An ce matambayi ba ya ɓata, to amma sai in wanda za a tambaya zai tsaya, kuma yana jin harshen mai tambaya. Duk bayanin da ake yi da baki a tashar Achida, a nan rubuta shi aka yi a bango, da launi da kibiya da lamba, aka bar mutum ya karanta wa kansa yana tafiya, jama'a na tura shi ta baya.

Alƙahira ce ta fi dacewa a duba da kyau, don can ne ɗalibi da majinyaci da ɗan rakiyarsa suke haɗuwa, kuma ita ce ta fara samun irin wannan jirgi a duk Afirka, a 1987. Layi na ɗaya ya taso daga Helwan a kudu ya ƙare a Marj ta arewa maso gabas, kilomita 44 da tasha 35, ko da yake 'yan tashoshin tsakiyar gari ne kaɗai ke cikin ƙasa. Layi na biyu, daga Shubra zuwa Munib, ya nutse ta ƙarƙashin kogin Nilu ya ɓulla a ɓangaren Giza. Layi na uku, wanda aka tsawaita daga baya, ya fara aiki a 2012 tsakanin Ataba da Abbasiyya, unguwar da masaukin ɗaliban Azhar 'yan ƙasashen waje yake, wato Madinatul Bu'us. A ƙidayar 2006, mutanen Wurno da Rabah da Goronyo in an haɗa su kusan rabin miliyan ne. Jirgin Alƙahira yana kwasar ninkin wannan adadi sau da yawa daga safe zuwa dare.

Baƙo zai fara ganin babban harafin M a bakin matakala. In ya gangara, akwai na'urar duba jaka da jami'an tsaro, sai tagar sayar da tikiti, inda layi ba ya son mai dogon bayani. Ba a gaisuwa, ba a ciniki. Sunan tashar da za shi kawai zai faɗa, don kuɗin ya danganta da yawan tashoshin da zai wuce. Za a miƙo masa ɗan kati wanda bai fi faɗin yatsa biyu ba. Ya zura shi a bakin shingen ƙarfe, katin ya ɓulla ta gaba, ya zare abinsa, ya tura ƙarfen da cinya ya wuce. A nan ne da yawa ke yin kuskuren farko. Wanda ya saba da rasit ɗin tashar mota, da ake duba shi sau ɗaya a jefar, sai ya yar da katin ko ya dunƙule shi a hannu yana zufa. A tashar sauka akwai wani shingen, kuma sai ya haɗiye katin nan kafin ya buɗe. Wanda ba shi da nasa zai tsaya gaban jami'i yana neman kalmomin Larabcin da zai yi bayani da su, ƙarshenta ya biya tara.

Bayan shinge sai hanya ta rabu biyu, kuma a nan ne babban sirrin yake. Allunan ba sa cewa gabas ko yamma, ba sa kuma rubuta sunan inda baƙo za shi. Sunan tashar ƙarshe ta layin suke rubutawa. Layin jirgi kamar tasbaha ce da aka kwance aka miƙar: ƙwayoyi a jere, da baki biyu, kuma duk mai neman wata ƙwaya sai ya san ta wane baki zai nufa, ya kuma san guda nawa zai ja kafin ya kai gare ta. Ɗalibin da ya fito daga Abbasiyya zai duba mara lafiyar garinsu a asibitin Ƙasrul Aini zai shiga layi na uku ya wuce Abdu Basha, ya wuce Jaish da Babush Sha'ariyya da Ataba, ya sauka a tashar Nasir. A nan ba ya fita waje, zai bi kibiya ta cikin ƙasa zuwa layi na ɗaya, ya nemi gefen da aka rubuta Helwan, garin da ba shi da niyyar zuwa kuma watakila ba zai taɓa gani ba. Ya wuce Sadat, ya wuce Sa'ad Zaglul, ya sauka a Sayyida Zainab ya ƙarasa da ƙafa. In zai dawo, Marj zai nema a layi na ɗaya, sannan Adli Mansur a layi na uku. Wanda aka gaya wa wannan ƙa'ida guda ɗaya ya gama rabin karatun. Wanda ba a gaya wa ba yana iya tsayawa a gefen da ba nasa ba, yana karanta sunaye yana jiran ya ga na tasharsa.

Taswirar da ke manne a saman ƙofa ma tana da nata hali. Tun da wani ma'aikaci mai suna Harry Beck ya zana wa jirgin Landan tasa, wadda aka fara rabawa a 1933, kusan duk biranen duniya salonsa suke bi: layi a miƙe, tashoshi a jere da tazara iri ɗaya, ba ruwansu da ainihin nisan da ke sama. Ba taswirar gari ba ce, jerin sunaye ne. Tasha biyu da suka yi kusa a takarda na iya zama tafiyar da za ta gajiyar da mai ciwon ƙafa.

Sai ƙofa. Ita ce ta fi raba iyali. Tana buɗewa da kanta, ta ba da 'yan daƙiƙu, ta yi ƙara, ta rufe. Tarbiyyar gida ta ce a bar babba ya fara shiga, a tsaya a ba mace hanya, a koma a ɗauko jakar da aka ajiye. Duk wannan ladabi ne mai kyau, amma a bakin tarago yana iya sa miji ya tafi ya bar matarsa mara lafiya a dandamali, ba waya a hannunta, ba kuɗin ƙasar, ba ta san sunan masaukinsu ba. Maganin abin ba shi da wuya in an yi shawara tun a ɗaki: wanda jirgi ya tafi da shi ya sauka a tasha ta gaba ya tsaya inda ya sauka, wanda aka bari ya shiga jirgi na gaba, wanda bai fi 'yan mintoci ba zai iso. Mutum biyu da suka yi wannan alkawari ba za su ɓace wa juna ba. Waɗanda ba su yi ba, kowa zai juya neman ɗan'uwansa, su yi ta saɓani a cikin ƙasa.

Akwai kuma abin da zai kwantar da hankalin iyaye da mazaje da sun sani. A Alƙahira an keɓe wa mata taragai a tsakiyar jirgi, da alama a dandamali mai nuna inda za su tsaya, kuma namijin da ya kutsa ciki zai sha tsawa, yana iya shan tara. A Delhi tarago na farko ne na mata, a Dubai ma akwai nasu su da yara. Matar da ta tashi a gidan kulle a Rabah, wadda tsoron cakuɗa da maza ke sa a ɗaukar mata tasi kullum, tana da wurin da za ta zauna cikin 'yan'uwanta mata. Sharaɗin dai ta san sunan tasharta da bakinta, ta kuma san tasha nawa za ta ƙirga, tunda ɗan rakiyarta yana wani tarago.

Abin da ya fi ba mai wannan rubutu takaici shi ne, baƙon gabashin Sakkwato yana ɗauke da makamin da Bature ɗan yawon buɗe ido ba shi da shi, amma ba a gaya masa ba. Alluna a Alƙahira da Makka da Riyad da Dubai da Larabci aka rubuta su, sannan da boko. Wanda ya yi makarantar allo a Wurno, ko da bai taɓa shiga aji ba, yana iya haɗa baƙi ya karanta Sadat, ya karanta Ataba, ya karanta Helwan. A takardun hukuma ana lissafa shi cikin waɗanda ba su iya karatu ba, shi ma ya yarda da hakan, sai ya sunkuyar da kai ya bi bayan wani. Gyara kaɗan yake bukata. A rubutun allo, fa ɗigo ɗaya take da shi a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. A rubutun Masar da Saudiyya, ɗigo ɗaya a sama fa ce, ƙaf biyu take da su. Wanda bai san wannan ba zai kalli tashar Faisal a layi na biyu ya karanta wani abu dabam. Sannan Bamisire yana furta jim da "ga", yana kuma haɗiye ƙaf, don haka abin da kunne zai ji a lasifika ba lallai ya yi daidai da abin da ido ya gani ba. Malami ɗaya da allo ɗaya sun isa su warware wannan kafin a sha shayi.

Fitowa ma karatu ce. Tashar Sadat tana ƙarƙashin dandalin Tahrir, ƙofofinta da yawa, kowace ta ɓulla wani titi. Wanda ya fito ta wadda ba tasa ba zai tarar da kansa a wancan gefen fili, motoci na gudu tsakaninsa da inda za shi. Kuma duk wanda ya fito daga cikin ƙasa sai gabas ta juye masa. Ga mutumin da gabas da alƙibla abu ɗaya ne a wurinsa tun yana yaro, wannan ba ƙaramin rikici ba ne: a Alƙahira alƙibla kudu maso gabas take, a Delhi da Guangzhou kuwa yamma ake fuskanta.

Alhazai su ne suka fi yawa, kuma su ne suka fi tsufa. Jirgin Masha'ir, wanda wani kamfanin Sin ya gina kuma ya fara aiki a hajjin 2010, ba a cikin ƙasa yake ba, a kan ginshiƙai yake tafiya sama da kawunan mutane, amma halinsa ɗaya da na Alƙahira. Tsawonsa kilomita 18, tasha tara: uku a Mina, uku a Muzdalifa, uku a Arfa. Kowane jirgi tarago 12 ne, yana ɗaukar mutum kusan 3,000, an kuma tsara layin ya kwashi mutum 72,000 a sa'a guda. Kwanakin hajji kaɗai yake aiki. Ba kowane alhaji ke hawansa ba, ya danganta da tsarin da aka yi wa tantinsu, da yawa a bas ake kai su. Wanda rabonsa ya faɗa a jirgi zai tarar da tashoshi masu suna ɗaya, lamba ce kawai ta raba su. Tsohon da ya riƙe "Mina" ya manta lambar, ya sauka a ta uku wajen jifa alhali tantinsu na kusa da ta ɗaya, ya sayi doguwar tafiya cikin rana da harami a jiki. Zai kuma haɗu da matakala mai tafiya da kanta, wadda dattijuwar da ba ta taɓa gani ba kan tsaya cak a bakinta, jama'a na tahowa ta baya. Masu umra kuma ga jirgin Haramaini mai gudun kilomita 300 a sa'a, wanda ya haɗa Makka da Jidda da Madina tun 2018. Shi tikitinsa da lokaci yake da lambar kujera, wanda ya makara ya yi asara.

Sakkwato ta san abin da cunkoso ke yi. A turmutsitsin Mina na ranar 24 ga Satumba, 2015, tana cikin jihohin da suka fi rasa mutane, Allah ya jiƙansu. A kan titi abin ya faru, ba a jirgi ba, kuma ba mai hankalin da zai ɗora wa mamatan laifi. Amma jihar da ta ga wannan rana ya kamata ta fi kowace ɗaukar motsi cikin taron jama'a a matsayin darasi mai zaman kansa: ina ake tsayawa, yaushe ake tafiya, me ake yi in an rabu da ayari.

Ba sai an haye teku ba ma. Legas ta fara jigilar fasinja a layinta mai launin shuɗi ranar 4 ga Satumba, 2023, kilomita 13 daga Marina zuwa Mile 2, sannan jan layi ya biyo baya a Oktoban 2024, daga Agbado zuwa Oyingbo, ya ratsa Agege inda Hausawa ke da tsohon zango. Da ba a soke shirin jirgin cikin gari na Gwamna Lateef Jakande ba, wanda aka faro a 1983 gwamnatin soja ta dakatar a 1985, da Legas da Alƙahira kusan tare za su fara, da kuma yanzu 'yan cin ranin Sakkwato sun haifi 'ya'yan da suka saba da shi. Ba a cikin ƙasa jiragen Legas ke bi ba, amma ba a miƙa wa kwandasta kuɗi, sai da katin Cowry da aka zuba wa kuɗi tun farko. Abu mafi haɗari kuma, shuɗin layi da lantarki yake tafiya, wutar tana kwance ne a wani ƙarfe na uku a gefen dogo. Saurayin da ya saba tsallake tsohon dogo a Agege ko Oshodi, inda har kaya ake bazawa a kai, in ya kai wannan sabo can, ransa ne a bakin.

'Yan kasuwa sun fi kowa saurin koyo, don aljihunsu ne ke koya musu. Mai zuwa Guangzhou sayen kaya ba ya daɗewa bai haddace tashar Xiaobei a layi na biyar ba, unguwar da 'yan Afirka suka fi taruwa, ko da ba ya karanta harafin Sinanci ko ɗaya. Launi da lamba yake bi. A Dubai kuma yana saurin gane cewa ci da sha da taunar cingam a cikin tarago tara ce.

Za a ce ai yanzu akwai waya, taswira na cikinta. Gaskiya ne ga saurayin da ya iya boko, ya sayi layin ƙasar, ya sa data, cajinsa bai ƙare ba. Ba gaskiya ba ne ga dattijon da ya sayar da albasa da tafarnuwar shekara guda, ko ya jinginar da fadama, don ya kai matarsa asibiti. A Sin kuwa Google ma ba ya aiki. Irin wannan dattijo, in ya ji tsoron jirgi, hannun mai tasi yake faɗawa da na ɗan tsakiyar da zai ce shi ne idonsa a gari, kuma kuɗin tasi na zuwa ɗaya ya isa tikitin jirgi na kwanaki. Abin da ya kamata ya tafi ga magani sai ya tsiyaye a hanya. Ɗalibi kuma da bai saba ba yakan takure a unguwa ɗaya, ya shekara a birnin da ke cike da malamai da ɗakunan karatu bai san komai ba sai hanyar aji da ta gidan abinci.

Za a kuma ce mutanen da ke kwana da ido ɗaya saboda 'yan bindiga, waɗanda suka ga hare-haren da aka kai Gandi da kasuwar Goronyo, ina su ina zancen jirgin Alƙahira. Babu musu, tsaro ne gaba da komai. Sai dai wannan halin ne ya ƙara tura matasa manyan birane, wasu ba shiri. Da can masu fita 'yan kaɗan ne. Lokacin da Ahmadu Bello, haifaffen Rabah, ya tafi Ingila a 1948 nazarin mulkin ƙananan hukumomi, jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan da aka buɗe a 1863 ya riga ya shekara 85, amma tafiyarsa ta hukuma ce. Na yau dubbai ne, yawancinsu da guminsu suke tafiya, kuma ba wanda ke jiransu a filin jirgi sai lambar waya a takarda.

Gyaran ba ya cin kuɗi. Ana yi wa maniyyata bita a ƙananan hukumomi kafin tashi, har da siffar Ka'aba da ake kewayawa don a saba da ɗawafi. Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta jihar tana iya ƙara zama ɗaya a kai, da majigi ko da wayar hannu ce: ga yadda ake taka matakala mai tafiya, ƙafa ɗaya a tsakiyar taki, hannu a kan roba, a tattare bakin zane da harami kada ƙarfe ya kama, ga yadda ƙofa ke rufewa, ga bambancin Mina ta ɗaya da ta uku. Masu tura ɗalibai da wakilan da ke shirya tafiyar asibiti su ma suna karɓar kuɗin da ya isa su haɗa da wannan. Gidan Rediyon Rima na iya ba shi kwata ɗaya a mako idan lokacin tafiya ya gabato.

Malaman darasin kuwa suna nan cikin gari. Duk hutu ɗaliban Masar suna dawowa Wurno da Achida da Goronyo, akwai waɗanda suka gama suna koyarwa a islamiyyoyi, akwai matan da suka yi jinya wata da watanni a Alƙahira ko Delhi suka san kowace tasha tsakanin masauki da asibiti. Su ne za su yi bayanin da harshen da tsohuwa za ta gane, kuma mace ce ya kamata ta koya wa mata, a cikin gida, kafin ranar tafiya. Duk wanda zai tashi kuma, namiji ko mace, a rubuta masa kati ɗaya da Larabci da boko ya rataya tare da fasfo: sunan masauki, sunan tashar da ta fi kusa, lambar layi, sunan tashar ƙarshe da zai nema in zai koma, da lambar wayar mutum biyu a garin da za su amsa da Hausa.